Ɗangana Mai Tsaga Hasken Taurari

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin mai gadi ya ƙare shayinsa, Malam Ɗangana ya riga ya jingine kekensa jikin dogonyaron bakin lise, wato makarantar sakandare. Shekara talatin da ɗaya haka. Ya buɗe labo, wato ɗakin gwaje-gwajen yara, ya share, ya wanke kwalabe, ya jera wa malamai kayan da za su nuna ranar. Shi ba mushe ba ne, wato malamin makaranta. Ba shi da aji, ba ya ba da maki. Ko shekarun da anka yi ta yajin aiki, makaranta ta zama kufai, awaki na kiwo cikin fili, shi yana zuwa ya goge gilasansa ya rufe ya koma. Ƙarshen watan jiya ya aje makullai, ya shiga retret, wato ritaya. Babu wanda ya buga ganga. Shi ya sa na ce bari in faɗa wa mutanen Tawa wanda ke cikinsu ba su sani ba, da yadda zaman wata mata bakin rijiya ya taɓa rataya ga wani ɗan gilashi da ke aljihunsa.

Aikinsa na biyu bayan magariba yake farawa. Ya fito da wani bututu tsakar gida, tsawonsa ya kai ƙugun mutum, da madubi a gindinsa. Wani malamin kimiyya da ya bar ƙasar tun da daɗewa ya bar mashi. Matarsa Zaliha ta aje tuwo ta ce, "Malam, taurarin nan ba gudu za su yi ba." Ya ce, "Wasu na gudu, Zaliha. Su nake jira."

Ni walda nake yi, bayan tasha. Ƙafafun bututun ne sunka haɗa mu. Ya zo mani da zane a takarda, ƙarfe uku da abin juyawa. Na ce, "Bindiga ce?" Ya ce a'a. Na ce to mi take harbi? Ya yi dariya, ya zaro ɗan gilashi mai kusurwa uku, bai kai kan babban yatsa biyu ba, ya ce in duba ƙwan lantarkin shagona ta cikinsa. Na duba. Hasken ya baje ya zama zare mai launi irin na bakan gizo, daga ja har shuɗi, sumul, babu yankewa. Ya ce to duba doguwar fitilar mai shayin can, farar nan. Na duba. Ita zarenta ƙulli-ƙulli ne, nan tsanwa, can shuɗi, tsakani dishi-dishi.

Na ce, "Ai duka farin haske ne."

Ya ce, "Ga ido. In ka tsaga shi, kowane yana faɗin abin da ke ci a cikinsa."

Ban yarda ba, don ni ba na yarda da abu saboda mai faɗinsa ya iya magana. Sai ya sa na kunna wutar gas, ya barbaɗa gishiri. Wutar ta yi ruwan ɗorawa, cikin gilashin kuma layi guda ya tsaya ƙyam. Ya barbaɗa kanwa, layin nan dai ya fito, wuri ɗaya, bai gusa ba. Ya ce gishiri da kanwa akwai abu guda da sunka yi tarayya a kai. Na kawo guntun wayar jan ƙarfe da kaina, don na san tsanwa take yi in ta ji wuta, shekara ashirin ina ganin haka ban taɓa tambayar dalili ba. Layukanta sunka fito wani wuri dabam. Ranar ban gama gyaran amalanken mutane ba.

To abin da yake yi wa taurari ke nan. Ya ɗaura gilashin bakin bututun, ya tsaga haskensu, ya zana zaren cikin wani littafi mai baƙin bango. Amma ba taurarin kullum ne sunka dame shi ba. Baƙi yake nema, masu fitowa su yi kwanaki ko watanni su ɓace. Ya raba masu gidaje cikin littafin. Akwai gidan masu wutsiya. Akwai gidan wanda ake kira noba, ƙaramin tauraro da ke yin wuta gaba ɗaya ya haska, sannan ya lafa, bai mutu ba. Akwai gidan supanoba, wanda shi tarwatsewa yake yi ɗungurungum. Su ma ya ce iri-iri ne: akwai masu alamar wata iska da ake kira idirojen cikin zarensu, akwai marasa ita, kuma da wannan ake fara raba su. Alamar idirojen ɗin ya san ta kamar fuskar ɗansa, don akwai kwalbarta a labo, in an sa mata lantarki tana ba da ƙulli ɗaya can bakin ja, ɗaya tsakanin tsanwa da shuɗi.

Gida na ƙarshe a littafin shi ya fi ba ni mamaki. Kansa an rubuta: ban sani ba. Ya fi kowane cika.

Na ga ranar da ya sa wani a ciki, cikin 93. Labari ya iso mashi cewa wani tauraro ya tarwatse can nesa, gefen arewa. Dare uku yana nema har ya same shi, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero. Ya sa gilashi, hasken ya baje ya ɓace, don ya yi kaɗan. Na ce, "Malam, ai an faɗa maka supanoba ne. Zaɓi gida ka sa shi." Ya ce, "An faɗa mani. Ban gani ba." Ya rubuta shi ƙarƙashin ban sani ba. Bayan kusan shekara wata mujalla ta zo mashi ta gidan waya, ya taho shagona da ita yana murna kamar an yi mashi haihuwa. Wai masu manyan madubai sun fara ganin idirojen cikin zarensa, sunka sa shi gidan masu ita, bayan watanni alamar ta dushe, ya koma kama da na ɗayan gidan. Ya ce, "Ka gani, Hamza? Da na yi gaggawa da na yi mashi ƙarya."

Kai ne, Ɗangana na Zaliha, mutum na farko da na gani yana jin daɗin cewa bai sani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekarar da ta gabaci wannan ce, 92, saura kwanaki kaɗan azumi. Wanda ya yi wayo lokacin ya san yadda arewa take da tawayen Abzinawa. Ana tare motoci a hanya, kowa na kwana da kunne ɗaya a buɗe, mutum ya ga rawani daga nesa gabansa ya faɗi. An kira ni wani ƙauye gaba da Takanamat in gyara ƙarfen da ake rataya guga bakin rijiya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanen kirki ne da tsoro ya kama.

Gabas maso arewa da ƙauyen akwai tudu. A kansa akwai bukkoki uku na Abzinawa da sunka sauka nan tun yunwar 84, dabbobinsu sun ƙare, sunka zauna. Babbarsu wata mata ce, Tanna, mijinta ya rasu, tana da 'yan awaki, tana kai cuku kasuwar Tawa ran Lahadi. Rijiyar ƙauyen ita ce ruwansu, babu wata sai tafiyar yini.

Ina aiki ina jin magana. Ladanin ƙauyen, Baba Sule, tsoho ne da ya haura saba'in. Bai taɓa ɗaura agogo ba. Da taurari yake sanin lokacin kiran salla, kuma shekara arba'in ba a taɓa cewa ya yi kuskure ba. Shi ya tashi wata asuba ya ga haske a bisa tudun, daidai bukkokin, wurin da ya san babu komi. Washegari ya sake gani. Ya gaya wa maigari. Hujjarsa guda ce, kuma duk ƙauyen babu mai iya ja da shi a kanta: ya san sararin nan kamar tafin hannunsa, taurari ba su ƙaruwa, wurin nan babu tauraro, saboda haka wutar mutum ce. Wutar mutum kuwa kan tudu, da asuba, a irin wannan lokaci, wa ake kira da ita?

Wasu sunka lura abin na hawa sama in an jima. Anka ce to ɗaga ta ake yi, ko kuwa fitilar jirgi ce da ke amsa ta ƙasa. Da ta fara dushewa anka ce mai ne ke ƙarewa. Kowane abu ya samu fassara. Maigari ya yanke: ran Juma'a mutanen tudu su tattara, kuma daga ranar babu gugansu cikin rijiya. Gida biyu ba su jira ba, sunka ɗaure kaya sunka yi arewa. Tanna ta ce ita babu inda za ta.

Gaskiya ni ma na ɗauki maganar. Na tashi da asuba Baba Sule ya nuna mani, na ga ɗan haske, na ce wa raina ai tsohon nan ba ya kuskure. Sai dai abin ya tsaya mani a wuya, don na san gilashin. Ran Laraba na koma Tawa na tarar da Malam yana wanke kwalabe. Na ba shi labari. Ya aje kwalba ya ce, "Wane gefe? Ƙarfe nawa? Kusa da wane tauraro?" Ya buga goshinsa. Shi da magariba yake dubawa, asuba salla kawai yake yi ya shirya aiki. Kwana goma abu na saman kansa bai gani ba.

Alhamis da la'asar munka hau motar kasuwa, bututun naɗe cikin bargo. A hanya na ce, "Malam, in mun je ka ce masu tauraro ne, a huta."

Ya ce, "In fitila ce, fitila zan ce."

Na ce, "Za su kore ta fa."

Ya ce, "Na sani. Amma in na faɗi abin da ban gani ba yau, gobe in na faɗi gaskiya wa zai ji?"

Har Takanamat raina a ɓace yake. Na fara nadamar ɗauko shi.

Maigari ya karɓe mu ba yabo ba fallasa. Malam bai yi gardama da kowa ba. Ya roƙi abu guda, dattawa su fito kafin asuba, kowa ya duba da idonsa. Ya kafa bututun gaban masallaci. Ni kuma ya ɗora mani kaya: fitilar kananzir, tocila, da doguwar fitila mai batir da ya aro a labo. Ya ce in hau tudun, in kunna su ɗaya bayan ɗaya daidai bukkar Tanna, kowace in bar ta minti goma.

Na hau ina tuntuɓe. Tanna na zaune ƙofar bukka, ba ta yi barci ba. Enad take ce mani, wato maƙeri da bakinsu.

Ta ce, "Enad, kai ne za ka fitar da ni?"

Na ce, "Ni fitila aka aiko ni kunnawa."

Ta ce, "Kwana goma ana cewa ina kunna fitila. Ko kananzir ɗin ban da shi. Yau ga ta har uku, kuma su sunka aiko." Ta yi wata dariya marar daɗi. "In ka gama ka bar mani guda."

Na gama na sauko da gudu, don hasken ya kusa fitowa. Na tarar da dattawa sun yi layi, kowa ya riga ya ga zaren fitilun. Wani na cewa ta kananzir ja ya fi yawa, wani na cewa doguwar ƙulli gare ta. Malam ya sa kowa ya faɗi abin da ya gani kafin shi ya ce uffan. Sannan ya nuna masu wani babban tauraro da kowa ya sani, zarensa sumul. Sai hasken ya ɓullo bisa tudun. Baba Sule ya miƙa sanda ya ce, "Ga ta nan."

Malam ya juya bututun, ya sa ido. Ya daɗe. Ban san mi zai ce ba, kuma na san ba zai tausaya wa kowa ba. Ya ɗago, ya kama hannun tsohon ya kai shi bakin bututun.

"Baba Ladan, mi ka gani?"

"Zare. Siriri."

"Sumul yake kamar na kananzir?"

"A'a. Shina da ƙulli."

"Wurin ƙullin doguwar fitila suke?"

Tsohon ya daɗe shi ma. Ya ce, "A'a. Wanga ɗaya can bakin ƙarshe yake, ɗaya tsakiya. Ba wurinsu ɗaya ba."

Malam ya buɗe littafinsa gaban tocila, ya nuna zanen kwalbar idirojen da ya yi tun shekaru. Ƙulli bakin ja, ƙulli tsakanin tsanwa da shuɗi. Ya ce, "Babu fitilar da ake saidawa kasuwa mai wannan zaren, ba ta jirgi ba, ba ta ƙasa ba. Noba ne. Tauraro ne ya yi wuta."

Fuskar Baba Sule ta ɗaure. Na gane inda matsalar take: in tauraro ne, to shi ya yi kuskure gaban mutanen da shekara arba'in suke salla da idonsa. Ya ce, "Yaro, kana nufin ban san sama ba? Wurin ga babu tauraro."

Ga abin da Malam ya ce, kuma kunnena ya ji: "Gaskiyarka, Baba, babu wanda ido ke gani. Yana nan tun can, ƙanƙane ne, sai da ya yi wuta ya bayyana. Ni ina da bututu, ina da littattafai, kwana goma yana bisa kaina ban lura ba. Kai da ido kawai ka ce an samu ƙari. Ina roƙonka ka taimake ni. Wace rana ka fara ganinsa?"

Tsohon ya faɗi ranar. Malam ya rubuta.

"Ran nan, tsakaninsa da wancan na gefensa, wa ya fi haske?"

"Shi ya ɗara kaɗan. Kwana ukku sunka yi daidai. Daga nan ya fara ja da baya."

Haka sunka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, tsohon na tunawa, Malam na rubutawa, har tsohon ya fara gyara mashi: a'a, ba Talata ba, Laraba ce. Saman shafin Malam ya rubuta sunan wanda ya fara gani, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Baba Sule ya ce, "Wa ya hura mashi wutar?" Malam ya ce akwai bayanin da ya karanta, wai wani tauraro ne kusa da shi ke zuba mashi iska har ta kama, amma wannan gilashinsa bai nuna mashi ba. Tsohon ya ce, "Ikon Allah." Sai ya ɗaga kai ya zabura, ya ce mun sa shi ya makara. Ran nan ne kaɗai aka taɓa jin kiran sallarsa bayan lokaci.

Da anka sallame Baba Sule ya miƙe, bai jira maigari ba. Ya ce, "Jama'a, ni na kawo maganar ga, ni na janye ta. Ba wutar mutum ba ce. Na ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba." Wani ya yi gunaguni daga baya, wai gilashin Nasara ne. Tsohon ya juya ya ce, "Idona ne cikin gilashin, ko naka?" Maigari ya ce magana ta ƙare, rijiya ta kowa ce.

Hantsi Tanna ta sauko da jakinta da guga. Mata sunka matsa mata, ba mai iya haɗa ido da ita. Malam ya gaishe ta, ya ce in tana so gobe da asuba ya nuna mata abin da anka gani. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, su ke bukatar dubawa. Ni na san ban kunna komi ba." Ta zura gugarta.

Gidaje biyun da sunka tashi ba su dawo ba. An aika a neme su, ba a samu labarinsu ba har yau. Malam ya taɓa ce mani da ya riƙa ɗaga kai da asuba da ya riga su kafin su tashi. Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce bai ce laifi ba ne, ya ce da ya riga su. Tun daga lokacin sau biyu yake fitowa da bututun, magariba da asuba.

Kai ne, Malam, ka shiga mota kana shirye ka faɗi abin da zai ɓata mani rai in shi ka gani. Kai ne ka kwance wa tsoho kuskurensa ba ka zubar mashi da girma ba. Ba ka da muƙami, ba ka taɓa tsayawa gaban makarufo ba, a shekarun da kowa ke da jam'iyya kowa ke da jawabi. Mun gode. Allah ya ƙara maka hasken ido da tsawon kwana, ya saka wa Zaliha da ta jure.

Ku kuma da kunka bi ta labonsa kuna yara, yanzu kuna ofisoshi, ku je ku gaishe shi, yana nan gida. Ku tambaye shi ya nuna maku yadda ake yi, don ba zai ƙi ba, kuma ban ga wanda ya koya ba. Mu sauran da ba mu da bututu, abin da za mu iya ɗauka bai da wuya: in ka hango abu daga nesa kan tudun wani, ka matsa ka bincika kafin ka tara mutane.

Lahadin da ta wuce na iske Tanna kasuwa, gashinta ya fara fari. Na ce mata Malam ya aje aiki, ko tana da saƙo. Ta ɗauki cuku biyu ta naɗe a tsumma ta miƙo mani.

Ta ce, "Ka ce mashi ruwan ya yi ƙasa bana, sai da na ƙara igiya. Amma gugata na ciki."